Sirrin Yis: Shawarwari Ga Masu Kwaɓin Fanke, Masa Da Alkubus

Idan fanke ya fito a cure, ko masa ta kwanta a tanda ta ƙi kumbura, fulawa ko shinkafa ake fara ɗora wa laifi, alhali sau da yawa ba a yi wa yis adalci ba ne. Garin nan da muke saye a 'yar leda ƙwayoyin halitta ne masu rai, busar da su aka yi suka yi barci. Tun wajajen 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa aikin tsami da tashin kwaɓi na masu rai ne. Idan ƙwayoyin suka farka sai su ci sukari su saki iska, iskar ce ke ɗaga ƙullu. Abu mai rai kuwa lallaɓa shi ake yi.

1. Ki gwada shi kafin ki taɓa fulawa. Rabin kofin ruwa mai ɗumi, ƙaramin cokali na sukari, sai yis ɗin. Ki ba shi minti 10. In ya yi kumfa a sama yana ƙamshin burodi, da ransa. In ruwan ya zauna shiru, ki zubar. Asarar leda ɗaya ta fi ta kwano guda sauƙi.

2. Ɗumin ruwan ya zama irin na wankan jariri, wajen digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin salshiyos. Da zarar ya haura 55 yis ya fara mutuwa. In yatsanki bai iya zama cikin ruwan ba, shi ma ba zai iya ba.

3. Kwaɓin za ki duba, ba agogo ba. Nan ne na fi ganin ana kuskure. Ƙullun da ya tashi cikin minti 40 a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke cika kicin, yana iya cin awa biyu ko fiye a sanyin hunturu. Uwargida sai ta ga shiru ta ƙara yis, ko ta ɗora robar kwaɓin dab da wuta gefe ɗaya ya dahu. Duk ba su ne magani ba. A hunturu ki rufe robar da murfi ko leda don kada iskar ta busar da saman, ki naɗe ta da tsumma mai kauri, ki ajiye a hantsi ko cikin robar ruwan ɗumi. A bazara kuma inuwa za ki nema, ki riƙa leƙawa. Alamar ita ce ya ninka girmansa ya yi ƙananan idanu. In kika bari ya kai ƙarshe ya faɗa, ƙarfinsa ya tafi, fanken zai sha mai ya yi tsami.

4. Ki juya gishiri cikin fulawa tukuna, kada ki zuba shi kai tsaye a kan jiƙaƙƙen yis. Sukari ma in ya yi yawa rage masa sauri yake, shi ya sa kwaɓi mai zaƙi ya fi jinkiri.

5. Giram 7 na yis, wato ƙaramin cokali biyu da ɗan ɗoriya, ya ishi rabin kilo na fulawa. Ƙari sauri kawai yake kawowa, tare da warin da ke korar yara daga alkubus. Ni na fi son yis kaɗan da jira mai tsawo, ɗanɗanon ya fi zama.

6. Ƙullun masa in ya kwana ya yi tsami fiye da kima, ɗan ruwan kanwa ake sa masa dab da suya, kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. In ta yi yawa masar za ta sauya launi.

7. Ledar da aka buɗe a matse iskarta, a ɗaure, a sa a kwalba mai murfi cikin firiji. Inda wuta ba ta tsayawa, ƙananan ledoji ya kamata a riƙa saye, daidai kwaɓin rana ɗaya, kuma a duba ranar ƙarewar aikinsa tun a shago.