Ga Masu Riƙe da Ƙungiyar Maƙera: Abin Yi da Abin Bari

Maƙeri shi kaɗai a rumfarsa ba ya iya cewa a'a. Saurayi ya zo da kuɗi a hannu yana son doguwar wuƙa mai baki biyu, in ka ƙi, ya ɗan gusa rumfar maƙwabcinka a ƙera masa, kai kuma ka tashi da asarar ciniki da sabon abokin gaba. Ƙungiyar sa kai ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu, ba ta biyan kowa albashi. Ƙarfinta ɗaya ne: in ta ce a'a, bakin kowa ya zo ɗaya. Duk shugaban da ya ɗauka an zaɓe shi ne don buga kalanda mai hotonsa, ya sauka tun yanzu. Sauran kuma ga sharuɗɗa.

Kada ku rufe wa ɗan haye ƙofa. Gado abin alfahari ne, ba mai musu. Tarihin baka na Kano ya ce maƙera ne daga Gaya suka zauna gindin Dala saboda tama, kuma har gobe Maƙera Assada a Sakkwato da sunan sana'ar ake kiranta. Amma ku leƙa Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai ku ga masu sarrafa ƙarfe. Da yawansu kakanninsu ba su taɓa riƙe masaba ba. Maƙeran baƙi, maƙeran fari, 'yan walda, masu zubin tukwane, duk a rubuta su. Wanda kuka bari a waje, wurinsa za a kai aikin da kuka ƙi.

Ku raba rawani da littafin kuɗi. Sarkin Maƙera uba ne, naɗinsa daga fada yake. Shi ake fara gaisarwa, shi ke zama a gaba, gabansa ake kai rigimar da ta gagara. Amma kada a ba shi ajiyar kuɗi, ko da ya nema, domin babu yaron da zai miƙe a taro ya ce, "Ranka ya daɗe, ina dubu goman nan ta shiga?" ba a ce ya yi fitsara ba. Shugaba, sakatare da ma'aji a zaɓe su, a yanka musu wa'adi, a rubuta. Shekara biyu ta isa, a sake sau ɗaya in sun yi abin kirki.

Kada kuɗin ƙungiya ya kwana a aljihun mutum. Ko a asusun bankinsa, ko a wurin mai POS ɗin da ya yarda da shi. Ku yi rajista, ko dai a hukumar CAC a matsayin amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ko a ma'aikatar jiha a matsayin ƙungiyar gama kai, sannan ku buɗe asusu da sunan ƙungiya. Mutum uku ke da sa hannu, sai biyu sun sa kuɗi zai fita, kuma ukun nan kada a sami uba da ɗa a ciki, ko maigida da yaron shagonsa. A kowane zama ma'aji ya karanta shiga da fita da babbar murya, da Hausa, domin akwai dattawan da ajami suke karantawa, takardar banki ba ta gaya musu komai. Kuɗin wata daban, asusun jinya daban, adashi daban. Ranar da aka taɓa kuɗin jinya don cike gurbin wanda ya ci adashi ya gudu, ranar ƙungiya ta fara mutuwa. Kuma ba a ranta wa shugaba, ko sisi, sai ya sauka.

Ku yi la'akari da lokacin samu. Cinikin maƙerin karkara daga bazara ne zuwa farkon damina, lokacin da kowa ke neman fartanya da garma da sungumi, sai kuma kaka ta zo da lauje da magirbi. Ku karɓi kaso mai tsoka a lokacin, ku sassauta da rani.

Kada ku sayi ƙarfen da ba ku san asalinsa ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje da tsofaffin ƙarafa suka yawaita, narkar da tama ta yi ta ja baya har ta ɓace. Yau maƙeri da tsohon ƙarfe yake rayuwa, shi ya sa ɗan jari-bola abokin arziki ne, ba abin raini ba. Sai dai akwai ƙarfen da kowa ya san ba a tsintarsa a bola: guntun layin dogo, murfin magudanar ruwa na kan titi, ƙarfen gefen gada, kusurwar turken wutar lantarki, kan famfon burtsatse, wayar tagulla da aka babbake fatarta. Duk wanda ya kawo irin wannan da magariba a rabin kuɗi, kun san inda ya samo. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2023 gwamnatin Borno ta haramta sana'ar tsintar ƙarafa a jihar, bayan kashe-kashen masu shiga daji nemansu da kuma ɓarnata kayan gwamnati. Irin wannan doka in ta sauko ba ta bambance mai gaskiya da ɓarawo, kowa ta rufe wa hanyar abinci. Kowace rumfa ta ajiye littafin saye: rana, sunan mai kawowa, irin ƙarfen, nauyinsa.

Duk wani rufaffen ƙarfe mai kama da bututu ko tulu wanda ba ku san ko mene ne ba, musamman in daga yankin da aka yi faɗa ya fito, kada a sare shi, kada a sa shi wuta, kada yaro ya buga shi don jin amo. A matsa, a kira jami'an tsaro.

Kada a ƙera bindiga. Nan zan daɗe, domin nan ne ake jarraba ƙungiya. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda ke nan tun 1959, ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da izinin hukuma ba, har da bindigar toka ta maharba. Tun 2021 kuma akwai cibiyar ƙasa ta musamman mai bin sawun ƙananan makamai. Wanda ya zo da jakar kuɗi ba a san garinsu ba, ƙin sa ba wuya. Mai wuyar shi ne ɗan garinku, wanda 'yan bindiga suka kashe wa ƙane suka kore masa shanu, ya zo yana hawaye ya ce a taimaka wa 'yan sa kai su kare gari. Kukansa gaskiya ne. Amma bindiga ba ta zama a hannun wanda aka ƙera wa. Ana sayar da ita, ana ƙwace ta, ana ramuwa da ita a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma ranar da aka kama ta, tambaya ta farko ita ce wa ya ƙera. Kada a bar maƙeri ɗaya ya yanke wannan hukunci tsakaninsa da mai kuka. Amsarsa ta zama guda: "Baba, ƙungiya ta ɗaure hannuna, sai da takardar hukuma." Shugabanni su raka mai buƙata wurin hakimi da babban jami'in 'yan sanda na yanki. In izini ya fito a rubuce, a ajiye kwafi. In bai fito ba, magana ta ƙare.

Haka batun wuƙa. Mahauci na son wuƙa, manomi na son adda da gatari, wanzami na son aska, ba mai hana su. Amma maƙerin da ya ce bai san bambancin wuƙar fawa da makamin daba ba, ƙarya yake yi. A zana siffofin da aka haramta, a liƙa a kowace rumfa. Duk odar wuƙaƙe masu yawa daga wanda ba ɗan kasuwa ba, ana gab da zaɓe ko hawan Sallah, a sanar da sakatare kafin a hura wuta. Wanda ya karya: karon farko jan kunne gaban jama'a, na biyu a cire shi daga rabon gawayi da aron kayan aiki, na uku ƙungiya da kanta ta kai sunansa. Ko ɗan Sarkin Maƙera ne.

Haka batun makulli: ba a yanka shi daga shatin da aka danna a sabulu.

Masu zubin tukwane, kada dalmar batir ta kusanci tukunyar abinci. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin batirin mota da likin tsohuwar lagireto. Dalma na narkewa a digiri 327, alminiyam sai 660, don haka kafin alminiyam ya zama ruwa ta riga ta narke ta bi jikinsa, ido ba zai gani ba. Sai an dafa miya mai tsami ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, ta taru a jinin yaro ta daƙushe masa ƙwaƙwalwa. A tsince ƙarfen zubi da rana, guntu-guntu. Na tukunya da ludayi daban, na murhu da kayan ado daban. Kuma kada a jefa jiƙaƙƙen ƙarfe ko gwangwani mai ɗigon ruwa cikin narkakke. Tururi ne zai watso shi a fuska.

'Yan walda, a kiyaye. Tankin mai ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur ba a sa masa wuta don an ga ya bushe. Iskar da ta rage a ciki ita ke fashewa. Farin bututu mai rufin tutiya hayaƙinsa ke kawo zazzaɓin nan da ake ɗauka na sauro ne, a yi aikinsa a sarari. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda, ƙungiya ta sayo gilashin gaske da yawa ta sayar wa 'ya'yanta a kuɗin sari. Wanda ya cire murfin injin gurza ƙarfe don ya yi sauri, a ci shi tara. Da hunturu kuma kada yara su kwana a rufaffen shago da garwashin gawayi.

Kada asirin wuta ya hana zuwa asibiti. Na san inda na taɓa. Wasan maƙera da ƙarfe mai zafi, ana kaɗa dundufa, abin gado ne, a bar wa waɗanda suka gada, kuma kada a sa yaro ya kwaikwaya don burge baƙi. Amma in ƙuna ta faru, a zuba ruwan sanyi mai tsabta na kimanin minti 20. Ban da baƙin mai, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai. In ta kama fuska, ko tafin hannu, ko gaɓa, ko ta yi faɗi, asibiti kai tsaye, ma'aji ya biyo da kuɗin jinya. Kowa ya yi allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi. Mai wuni cikin tsatsa ba shi da uzuri.

Yaron shago amana ne. Ba a kawo shi don ya shekara biyar yana jan zugazugi da sayo abinci ba. A rubuta yarjejeniya gaban iyayensa da wakilin ƙungiya: shekara nawa, me zai iya a kowace shekara, yaushe zai je makaranta. Ba duka da awartaki ko wani ƙarfe, wannan ba horo ba ne. Ranar yaye, maigida ya ba shi guduma da awartaki, ƙungiya ta ba shi shaida. Maigidan da ke riƙe ƙwararren yaro don ya samu hannu kyauta, a kira shi gaban dattawa.

Kada a ha'inci manomi. Sifirin mota na shan ruwa ya yi tauri, rodin gini ba ya yi, ko sau nawa aka tsoma shi. Wanda ya ƙera gatari da rodi ya shafa baƙin mai ya sayar a kuɗin na sifirin, sunan maƙeran garin duka ya ɓata, domin manomin da bakin gatarinsa ya naɗe ba zai ce wane ba, cewa zai yi "maƙeran yanzu". Kowa ya sami tambarinsa ya buga a jikin aiki tun da zafi. Wanda ya ci kafin alƙalami ya bar mai aiki yana sintiri, ƙungiya ta sa masa rana. In ta wuce, a biya mai kaya daga ajiyarsa. Farashi kuwa, a tsayar da mafi ƙaranci don kada a karya juna, amma kada a hana gwani tsadar hannunsa.

Gawayi a saya tare kafin ruwa ya sauka. Na ƙirya ya fi ƙarfin wuta, amma ƙirya na ƙarewa kuma jihohi da dama sun sa doka kan sare itace, don haka a san hannun da ake saye.

Kada a kai ƙungiya gidan ɗan siyasa. Kowa da jam'iyyarsa, a bar ta a bakin ƙofa. In an kawo gudummawar janareta ko injin walda, daga ɗan takara ne ko daga hukumar SMEDAN, a karɓa gaban kowa, a rubuta lambar injin a littafi, a ajiye shi inda ba gidan shugaba ba, a yi jerin masu aro. In da sharaɗin a fito da allon ƙungiya wurin gangami, ko a ƙera wa yaran mai gudummawa "kayan aiki", a mayar masa da injinsa.

Ku je wurin tsofaffi tun suna da baki. In akwai wanda ya ga narkar da tama da idonsa, ko ya iya ƙirar linzami da likkafa irin ta da, a ɗauki bayaninsa a waya, a zaunar da samari biyu kusa da shi, a biya shi. In ya kwanta ciwo, a kai masa daga asusun jinya ko bai biya kuɗin wata ba.

Ranar zaɓe ake miƙa kaya. Littafin kuɗi, hatimi, takardar rajista, makullin ɗakin ajiya, duk a ɗora su kan tabarma kafin a fara ƙirga hannu. Wanda ya faɗi ya sa hannu ya miƙa nan take, gaban Sarkin Maƙera. "Na manto shi a gida" ba amsa ba ce. A haɗa shi da mutum biyu a babur su ɗauko, jama'a na zaune.