Shawara Ga Mai Son Karatun Ɗaukar Hoton Asibiti

Ɗalibai da dama ba sa tunawa da Radiyogirafi, wato ɗaukar hoton asibiti, sai makin JAMB ya gaza kai su ga karatun likita. Alhali kuwa fanni ne mai cin gashin kansa, wanda ya kamata a zaɓe shi da niyya tun farko.

Da fari, ka san aikin. Kai ne mai ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji, mai sarrafa na'urar CT da ta MRI. Likitan da ya ƙware a karanta hoto daban yake, amma da aikinka ya dogara: in hoto ya fito dishi-dishi, karaya na iya ɓuya.

A Najeriya ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Digirin shekara 5 ne, ana yin sa a jami'o'i irin su Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri. Daga nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Kafin ka cike kowace makaranta, tabbatar hukumar RRBN, wadda aka kafa a 1987 don yi wa masu wannan sana'a rajista, ta amince da sashen. In ba haka ba, sai ka gama karatu lasisi ya gagare ka.

Ka riƙe Fiziks da ilimin sassan jiki da kyau, kuma kada ka yi wasa da lokacin zuwa asibiti. A can za ka koyi kwantar da wanda ya yi haɗari ba tare da ka fama masa ciwo ba, da lallashin yaro ya tsaya cik, da tambayar mace ko tana da juna biyu kafin a kunna na'ura.

Masu tsoron hasken na'urar ɗaukar hoto su kwantar da hankali. Akwai rigar dalma, da shingen da ake fakewa a bayansa, da ɗan bajon da ake maƙalawa a riga yana auna hasken da ya taɓa ma'aikaci. Sakaci ne abin tsoro. MRI kuwa da maganaɗisu take aiki, shi ya sa ba a shiga ɗakinta da ƙarfe, ko da makulli ne.

'Yan mata ma su shigo, domin mata da yawa sun fi sakewa da 'yar'uwarsu wajen hoton mama da na ciki. Iyaye, ku ba su dama su karanta.