Hunturu da Dukiyar 'Yan Kasuwa a Nguru da Gashuwa

A ƙasashen Turai, dusar ƙanƙara ce ke tsayar da harkokin ciniki lokacin sanyi. A Nguru da Gashuwa kuwa, hunturu ne abin tsoro, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, yayin da busasshiyar iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi.

Babban haɗarinsa shi ne gobara. Rumfunan zana, da buhunan gero, da kwandunan bandar kifi duk sukan bushe ƙayau. Garwashin da maigadi ya hura domin jin ɗumi ya isa ya lashe jarin shekaru kafin asuba. Haɗari na biyu shi ne hazo, wanda ke rufe wa direbobi hanya tsakanin garuruwan biyu.

Saboda haka, wajibi ne ɗan kasuwa ya raba hajarsa gida biyu, ya hana hura wuta kusa da shago, ya kashe lantarki kafin tashi, ya kuma tanadi bokitan yashi. Motocin kaya su yi tafiyarsu da rana. Mai babban jari ya nemi inshorar gobara ko takaful tun watan Nuwamba, domin ba a haƙa rijiya ranar da wuta ta kama.