Gajiyar Ƙafa Lokacin Gwajin Koyarwa

Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Zuba da akan tura makarantu don gwajin koyarwa sukan komo da yamma suna ɗingishi. Galibi tafiya suke ɗora wa laifi, alhali kuwa tsayuwa wuri guda gaban allo ta fi ta ɓarna.

Ga dalili. Jinin da ya gangara ƙafa tilas ya hau ya koma zuciya, naman sharaɓa kuwa shi ke matsa jijiyoyi, yana tura shi sama duk sa'ad da mutum ya taka. In ka ƙame kamar soja, sai jini ya taru ƙasa, ƙafa ta kumbura, takalmi ya matse. Saboda haka riƙa zagaya aji kana duba littattafan yara. In babu hali, yi ta ɗage kana sauka.

Takalmi kuma a gwada shi da la'asar, lokacin da ƙafa ta fi girma.

In ka koma masauki, kwanta, ka ɗora ƙafafu bisa matasai su ɗara ƙirji, kamar minti 15. Ruwan ɗumi yana da amfani, amma mai ciwon sukari ya fara taɓa shi da gwiwar hannu, gama ƙafarsa tana iya ƙonewa bai ji ba. In ƙafa ɗaya kaɗai ta kumbura tana zafi, sai asibiti ran nan.