Taskance Bayanai da Kwamfuta a Aikin Ruwan Famfo: Nazari a Kan Abin da ya Auku a Garin Flint

Aikin ruwan famfo ya sha bamban da sauran ayyukan raya gari ta fuska guda, watau galibinsa a binne yake. Gada ko asibiti kowa na iya zuwa ya duba, amma bututu da zarar an mayar masa da ƙasa, ba abin da ya rage sai abin da aka rubuta a kansa: inda ya bi, da irin ƙarfensa, da shekarar da aka shimfiɗa shi. Wannan 'yar maƙala za ta dubi abin da kan faru idan wannan rubutu ya yi rauni, ta hanyar misali daga Flint, wani gari a Jihar Michigan ta Amurka wanda a shekarar 2014 yake da mutane kimanin 100,000.

A watan Afrilun 2014 hukumomi suka daina sayen ruwa daga birnin Detroit, suka koma ɗebo shi daga Kogin Flint don rage kashe kuɗi. Sai dai ba a zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya riƙa kankare darma daga tsofaffin bututu yana kai ta cikin gidaje, ga shi kuwa darma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. An koma wa ruwan Detroit a watan Oktoban 2015, amma ɓarna ta riga ta auku. Abin da ya rage shi ne a haƙe ƙananan bututun da ke ɗauko ruwa daga babban bututun titi zuwa gida, a musanya su da na jan ƙarfe.

To, a nan gizo ke saƙa. Wane gida ne ke da bututun darma? Da aka nemi amsa, sai aka tarar bayanan suna cikin tsofaffin taswirori da katuna kimanin 45,000 waɗanda aka rubuta da hannu, wasu da fensir, har rubutun ya dusashe. Malaman Jami'ar Michigan reshen Flint suka shigar da abin da ya samu cikin kwamfuta, suka ɗora shi bisa taswirar garin. Ya kamata mai karatu ya lura cewa kwamfuta ba ta gyara kuskuren kati. Abin da aka ba ta shi take ajiyewa. Akwai gidajen da takarda ta ce jan ƙarfe ne, aka haƙa aka ga darma. Wasu kuma ko kati ba su da shi.

Daga nan wasu masana biyu, Jacob Abernethy da Eric Schwartz, suka tsara wata manhaja mai haɗa waɗannan gurɓatattun bayanai da shekarun gida, da darajarsa, da unguwar da yake, sannan ta ƙiyasta yiwuwar samun darma a kowane gida. Hikimar tsarin ita ce duk ramin da aka haƙa, sai a mayar wa taskar da abin da ido ya gani, ƙiyasin gobe ya fi na yau kusa da gaskiya. Zuwa ƙarshen 2017, cikin kowane rami 100 da aka haƙa, kusan 70 an sami bututun da ke bukatar canji.

A 2018 aka danƙa aikin ga wani sabon kamfani, aka jingine manhajar, aka rarraba haƙan a dukkan gundumomin gari, ana bin titi gida-gida. Adadin nan ya faɗo zuwa wajen 15 cikin 100. Gunduma ta biyar, inda ake sa ran samun darma mai yawa, ba ta sami rabon da ya dace da ita ba.

Ba daidai ba ne a ɗauki wannan mataki a matsayin jahilci tsantsa. Mutanen da hukuma ta taɓa ce musu ruwansu lafiya lau ne alhali guba suke sha, da wuya su yarda idan aka haƙa ƙofar maƙwabci aka tsallake tasu, aka ce wai na'ura ce ta faɗa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma duk da wannan uzuri, kuɗin aikin ƙayyadadde ne, kuma kowane ramin da aka haƙa aka tarar da jan ƙarfe, jinkiri ne ga wani gida da ke shan darma. A 2019, bisa yarjejeniyar da kotu ta amince da ita, aka wajabta wa garin komawa ga ƙiyasin manhajar, adadin kuwa ya sake hawa.

Bayan wannan, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ɗora wa masu samar da ruwan sha a ƙasar nauyin haɗa rajistar irin waɗannan bututu, su miƙa ta zuwa ranar 16 ga Oktoba, 2024. A cikin rajistar an tanadi gurbi na musamman ga bututun da ba a san irin ƙarfensa ba, kuma dole a aika wa mazauna irin wannan gida takardar sanarwa, kamar yadda ake aika wa waɗanda aka tabbatar nasu na darma ne.