Jam'in Suna a Ingilishi: Yadda Malami Zai Bayyana Shi ga Ɗalibi Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin kwalejin ilimi da aka tura koyarwar gwaji a wata firamare a Dutse ko Kiyawa ko Jahun, da wuya a bar shi da darasin Hausa kaɗai. Sau da yawa akan danƙa masa Ingilishi, kuma cikin batutuwan farko da zai tarar a manhaja akwai tilo da jam'i. Bayanin da aka saba ji a aji shi ne "a ƙara *-s* a ƙarshen kalma". Yara kan haddace wannan, su rera shi tare, amma a ci gaba da ganin *two car* da *informations* a takardunsu har zuwa jarrabawar kammala sakandare. A wannan darasi za a duba yadda ya kamata a yi maganar jam'in Ingilishi, ta hanyar ɗora shi kan abin da yaro ya riga ya sani a harshensa.

2.0 Abin da yaro ya zo da shi daga gida

Jam'in Hausa ya fi na Ingilishi sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, ya kasa shi zuwa azuzuwa fiye da goma. Sunayen wuraren da yaro ke ji kullum sun isa misali: dutse, duwatsu; birni, birane; gari, garuruwa; Bahaɗeje, Haɗejawa. A nan akwai ɗafa-ƙeya, akwai wasalin da ke kutsawa cikin saiwa, akwai ninki, ga kuma karin sauti da ke sauyawa. Yaro ɗan shekara bakwai yana sarrafa mafi yawan waɗannan ba tare da an taɓa rubuta masa ƙa'ida a allo ba. Saboda haka bai dace a gabatar masa da jam'i kamar wani baƙon abu ba. Sabon abu gare shi shi ne hanyar da Ingilishi ke bi, da kuma wuraren da yake tilasta jam'i alhali Hausa ba ta tilasta ba.

3.0 Ɗafi ɗaya, furuci uku

Mafi yawan sunayen Ingilishi suna yin jam'i da ƙwayar ma'ana guda, wadda ake rubutawa *-s* ko *-es*. Sai dai furucinta uku ne, kuma sautin ƙarshe na kalmar shi ke zaɓa:

i. /s/ bayan baƙi marar ziza: *books, cats, cups*
ii. /z/ bayan wasali ko baƙi mai ziza: *boys, dogs, pens*
iii. /iz/ bayan sautuka masu huci irin su s, z, sh da c: *buses, dishes, churches, judges*

Ƙa'idar ta kunne ce kafin ta zama ta alƙalami. Kalmar *horse* harafi ɗaya tak ake ƙara mata a rubuce, amma *horses* gaɓa biyu ce a baki. Malamin da ya fara daga rubutu ba shi da amsar da zai ba yaron da ya lura da wannan.

Hausa tana da abin da za a kwatanta da shi, wato ganɗantawa. Ana cewa mota, motoci, gida, gidaje, ƙasa, ƙasashe, ɓarawo, ɓarayi. Wasalin /i/ ko /e/ ne ya mayar da /t/ zuwa /c/, /d/ zuwa /j/, /s/ zuwa /sh/, /w/ zuwa /y/. Idan yaro ya gane cewa sauti yakan sauya saboda maƙwabcinsa a "motoci", ba zai yi mamakin *buses* ba.

A 1958 Jean Berko ta gwada yara ƙanana masu jin Ingilishi a Amurka da ƙagaggun kalmomi. Ta nuna musu zanen wata halitta da ta kira *wug*, sannan ta nuna guda biyu, galibinsu suka ce *wugs* da sautin /z/ duk da ba su taɓa jin kalmar ba. Inda suka fi tuntuɓe shi ne kalmomin da ke buƙatar /iz/. To, idan 'ya'yan masu harshen ma sai daga baya suke ƙwarewa a wannan, malami a Jigawa ya ƙara wa rukuni na uku lokaci.

Akwai kuma matsalar gaɓa. Hausa ba ta tara baƙaƙe a ƙarshen kalma, shi ya sa *desks* da *texts* ke yi wa yaro nauyi, ko dai ya yar da /s/ ɗin ko ya cusa wasali. Yaron da ya furta *dogs* da /s/ maimakon /z/ ba a rasa fahimtarsa, bai kamata a ɓata rabin darasi a kansa ba. Wanda ya yar da ɗafin gaba ɗaya shi ne ya sauya ma'ana, shi ake fara gyarawa.

Ƙa'idojin rubutu irin su *city, cities* amma *day, days*, ko *tomatoes* amma *photos*, a koyar da su dabam a matsayin rubutu, don ba su taɓa furuci ba.

4.0 Sunayen da suka kauce wa ƙa'ida

Waɗannan ba su da yawa, amma kalmomin yau da kullum ne. Akwai masu sauya wasalin ciki: *man, men, woman, women, foot, feet, tooth, teeth, goose, geese, mouse, mice, louse, lice*. Asalinsu wani tsohon ɗafi ne mai wasalin /i/ da ya ja wasalin saiwa zuwa gaban baki, daga baya ɗafin ya faɗi ya bar tabonsa. Ana iya jera su kusa da doki, dawaki da gulbi, gulabe. Akwai masu mayar da /f/ zuwa /v/, kamar *leaf, leaves* da *knife, knives*, ko da yake *chief* da *roof* ba su bi ba. Akwai waɗanda ba sa sauyawa sam, irin su *sheep* da *deer*. Sai *person, people*, inda aka ɗauko wata kalma dabam.

Kalmar *children* jam'i ne kan jam'i: tsohon ɗafi *-r* da aka sake ɗora wa *-en* irin ta *oxen*. Hausa ma ta yi haka. Kuɗi asalinsa jam'in wuri ne, amma da aka daina kallonsa a matsayin jam'i sai aka samar da kuɗaɗe.

Kalmomin aro daga Latin da Girkanci, kamar *criterion, criteria* da *analysis, analyses*, na manyan azuzuwa ne. Abin lura dai shi ne Hausa ba ta cika aro kalma tare da jam'inta ba, takan ɗora nata: soja, sojoji, lauya, lauyoyi, tebur, tebura, kwamfuta, kwamfutoci. Har ma ta ari "silifas" da *-s* ɗinta, ana kuma iya cewa silifas ɗaya ya ɓata.

5.0 Inda harsunan biyu suka raba hanya

Nan ne mafi yawan kurakuran ɗalibai suke, kuma haddar jerin kalmomi ba ta maganinsu.

Na farko, ƙidaya. A kasuwar Shuwarin mutum zai ce buhu biyar, kwano uku, ko ya ce ya yi shekara goma yana sayar da dabino, kuma Hausarsa daidai ce, domin adadin ya riga ya nuna yawa. Ingilishi bai yarda da haka ba: dole a ce *five bags, ten years*. Yaron da ya rubuta *two car* ba rashin kai ke damunsa ba, nahawun Hausa ya bi. Gyaransa shi ne a faɗa masa a fili cewa Ingilishi yana nuna yawa sau biyu, a adadi da kuma a suna. Sai a kiyaye da *naira*, wadda ba a ƙara mata *-s* ko a Ingilishi.

Na biyu, ƙirguwa. Kowane harshe da yadda ya raba abubuwa masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa. Hausa tana da shawarwari, bayanai da kayayyaki, amma takwarorinsu *advice, information, equipment, furniture* da *luggage* ba sa ɗaukar jam'i a daidaitaccen Ingilishi. Idan ana son ƙirga su sai a ce *a piece of advice*, kamar yadda Bahaushe ke cewa ƙwayar hatsi ko ɗigon ruwa. Ana yawan jin *equipments* a bakin masu ilimi a Nijeriya, sai dai mai duba takardar jarrabawa yana ɗaukarsa kuskure, kuma haƙƙin yaro ne a sanar da shi.

Akasin haka, wando da almakashi tilo ne a Hausa, ana cewa wandona ya yage, amma *trousers* da *scissors* jam'i ne: *my trousers are torn*. Su kuwa *news* da *mathematics*, duk da *-s* ɗin da ke ƙarshensu, tilo ne. *Cattle* da *police* ba su da *-s* amma jam'i ne.

Na uku, dacewa cikin jimla. A "waɗannan manyan motoci sun iso", mafayyaci da sifa da wakilin suna duk sun nuna jam'i. A Ingilishi sifa ba ta motsi: *a big car, big cars*. Abin da ya fi rikita yaro shi ne *-s* ta aikatau, wadda ke aiki a juye: *the boy runs* amma *the boys run*. Malamin da ya koyar cewa *-s* alamar jam'i ce, bai ƙara da cewa "a jikin suna" ba, shi da kansa ya shuka *the boys runs*.

6.0 Aikin yi

1. A ƙirƙiro kalmar da babu ita a Hausa, kamar "zota", a nemi yara biyar su faɗi jam'inta. Wane ɗafi suka fi zaɓa, kuma me ya sami /t/?
2. A karkasa waɗannan bisa furucin ɗafinsu: *goats, roads, boxes, dates, villages, emirs*.
3. A tattaro jimloli goma masu kuskuren jam'i daga littattafan ɗalibai lokacin koyarwar gwaji, a nuna waɗanda tsarin Hausa ya haifar da waɗanda nauyin furuci ya haifar.