Darasi Na Goma Sha Biyu: Furen Za'afaran

Ɗalibai, a wannan darasi za ku karanta bayanin wani ɗan tsiro da ake kira kurokus, ɗan dangin furen airis. Akwai shi fiye da iri 80, kuma asalinsa ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum ne, har zuwa tsakiyar nahiyar Asiya.

Tsayin kurokus bai kai kamu ɗaya ba, ganyensa kuwa siriri ne kamar na ciyawa. A ƙarƙashin ƙasa yana da dunƙulen tushe mai kama da ɗan ƙaramin gwaza. Ku lura da bambancinsa da albasa: idan aka yanka albasa za a ga ɓawo a kan ɓawo, shi kuwa wannan curi ɗaya ne. A cikinsa tsiron yake ajiye abinci. Da bazara ganyen yakan bushe, tushen ya kwanta a ƙasa har yanayi ya yi sanyi, sannan ya sake tohowa.

Irin da ya fi shahara shi ne wanda ake samun za'afaran daga gare shi. Wannan kalma Hausa ta aro ta ne daga Larabci. Furen launin shunayya ne, yana buɗewa a watannin Oktoba da Nuwamba. A tsakiyar kowane fure akwai jan zare guda uku kacal. Su ake cirewa a shanya, su zama za'afaran. Wannan iri ba ya yin ƙwaya, saboda haka manomi yakan tono tushen, ya raba 'ya'yansa, ya sake dasawa.

Da sassafe ake tsinke furannin da hannu, kafin rana ta yanƙwana su. Sai an tara fure wajen 150,000 kafin a sami kilo ɗaya na busasshen za'afaran. Shi ya sa ya fi duk kayan ƙamshin girki tsada. Ƙasar Iran ce take noma mafi yawansa a duniya. Ana kuma noma shi a Kashmir da Afganistan da Sifen da Girka da Maroko.

Tsadar nan ta sa wasu 'yan kasuwa suke yin algus da rinannen gashin masara ko garin kurkur. In kuna son ku gane na ƙwarai, ku jefa zare kaɗan a ruwan ɗumi. Na gaskiya yakan saki launin rawaya sannu a hankali, zaren kuma ya ci gaba da zama ja. Na jabu kuwa nan da nan yake zubar da rininsa.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin tushen kurokus da albasa?
2. Don me za'afaran yake da tsada?
3. Yaya ake gane za'afaran na jabu?

Aiki
Ku yi jimla da kowace kalma: tushe, algus, shanya, dasa.